Jita a Gaban Rumfar Suruki

Ɗahiru mai gyaran keke taubashina ne, ɗan kawuna, don haka ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kansa, yana nan ko ba ya nan. Allah ya jiƙansa. Duk wanda ya zauna a Gwale, ko ya saba bin hanyar Goron Dutse a kan keke a shekarun baya, ya san rumfarsa. 'Yar rumfar kwano ce, da tsofaffin tayoyi a rataye, da bahon ruwa na neman huji, da wani ƙaramin ɗaki a baya inda yake tara kekunan da masu su suka manta da su. Bangon ɗakin nan shi ne katangar tsakar gidan da na yi aure, shi ya sa na riga matarsa sanin wasu abubuwan.

Ƙato ne, dogo, mai faɗin kafaɗa, amma ban taɓa ganin namiji mai kunyarsa ba. Ba ya cin abinci a rumfa, sai ya shige ɗakin baya ya juya wa ƙofa ƙeya. In mutum ya kawo keke ya tsaya yana kallonsa, sai sifana ta riƙa suɓuce masa. Ranar ɗaurin aurensa nemansa aka yi aka rasa, ashe yana can kan dutse a zaune shi kaɗai. Ni kuwa Allah ya hore mini baki, tun muna yara nake tsokanarsa, kuma ba inda na fi kama shi kamar yatsunsa. Gajeru ne masu kauri, kai ka ce rogo aka tono, ga kanta, ga baƙin mai wanda ko sabulun salo ba ya fitarwa. Nakan ce masa, “Ɗahiru, da wannan hannun kake shafa addu'a? Ai sai ka goge fuskar gaba ɗaya.” Sai ya yi murmushi ya cusa su cikin aljihu.

To, da waɗannan yatsun yake kaɗa jita.

Wani soja ne ya koya masa, Saje Jibrin, ɗan badujala, mutumin Biu, wanda yakan kawo kekensa gyara. Wata rana ya zo da jita a rataye, ya zauna jiran a ɗaure masa sarƙa yana ɗan taɓa ta. Ɗahiru ya kasa aiki. Saje ya lura, ya miƙa masa, ya ƙi karɓa, sai da suka shiga ɗakin baya aka sakaya ƙofa. Daga ƙarshe Saje ya bar masa ita a can, ya ce a bariki yara na lalata masa ita. Tsohuwar jita ce mai faɗin wuya, tsirkiyoyinta na roba, tsakanin kowace da 'yar'uwarta akwai rata sosai. A lokacin Ɗahiru bai san wannan wani abin lura ba ne. A zatonsa duk jitar duniya haka aka yi ta.

Bayan azahar, in rana ta take, hanya ta yi tsit, sai in jiyo ta ta katanga. A hankali yake kaɗawa kamar mai gudun tashin jariri. Ba ya waƙa, kiɗa kawai, wani lokaci na Indiya da yake ji a rediyo, wani lokaci irin na garaya da ya mayar kan jita. Nakan ajiye tankaɗe in jingina da bango. Wallahi ya iya. Ranar da bakina ya suɓuce na gaya masa ina ji, ya daɗe bai sake taɓa ta ba. Daga baya ya ce ai taubashiya ba mutum ba ce, ya ci gaba da abinsa.

Wanda bai tashi a cikin birni ba zai ce mene ne abin ɓoyo a nan. Mu a wurinmu kiɗa gado ne. Gidajen makaɗa an san su, ana neman su a sha'ani, amma ɗan gidan da bai gada ba ya ɗauki abin kiɗa, sai a ce ya lalace. Balle jita, wadda a idon dattawanmu kayan 'yan otel ce, abin da ake yi a bayan ganuwa inda ake shan abin da ba a faɗa. Ga shi kuma Ɗahiru 'yar Alhaji Nata'ala yake aure. Alhaji dattijo ne mai sayar da kwanuka da tasoshi, ba ya rasa sahun gaba, kuma shi da kansa ya kira kawuna ya ce ya ba Ɗahiru autarsa, Turai, saboda natsuwarsa. Kalmar nan ta natsuwa ita Ɗahiru ya ɗauka ya ɗora a ka. In ya hango Alhaji daga nesa, sauka yake daga keke, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna tun dattijon bai gane ko wane ne ba. Shi ma Alhaji ba ya kallon fuskarsa, sai ya dubi ƙasa ya amsa gaisuwa ya yi gaba. Haka ake surukuta a lokacin, ban san yanzu ba.

Shekarar da soja suka mayar wa farar hula mulki, a saba'in da tara, garin ya cika da hayaniya. Motocin jam'iyyu na yawo da lasifika, kowace da mawaƙinta. Mu mata ma a shekarar muka fara fita jefa ƙuri'a, na sha lalle na ci ɗauri kamar mai zuwa biki. A cikin wannan hidima aka sallami Saje Jibrin daga soja. Ya zo ya yi bankwana, ya ɗauki jitarsa tun da ba shi da wata, ya tafi garinsu. Amma kafin ya tafi ya haɗa Ɗahiru da Malam Isyaku, wani malamin sakandare da ke tara 'yan kiɗa, malamai da ma'aikata, don bikin da makarantarsu za ta yi a filinta ranar miƙa mulki. Suna da ganguna, suna da mai sarewa da mai waƙa, ba su da mai jita. Saje ya gaya wa malamin duk zamansa a Kano bai ga mai hannu irin na wannan mai facin ba.

Na yi zaton Ɗahiru zai ƙi. Ya ƙi ɗin kuwa, ya sake ƙi, sannan wata rana ya leƙo zaurenmu ya ce a kira masa Dije, ni ke nan. Na fito na same shi yana wasa da ƙasa da ɗan yatsan ƙafa.

Ya ce, “An ce a baya zan zauna, bayan masu ganga. Ba mai ganina.”

Na ce, “To ka je mana. Wa ya riƙe ka?”

Ya ce, “Sau ɗaya dai, Dije. Ina so sau ɗaya in kaɗa ban sakaya ƙofa ba.”

Ban taɓa jin ya ce yana son wani abu a duniya ba sai ranar. Ko tsokanar ma kasa ta na yi, tausayinsa ya kama ni.

Saura jita. Shago guda aka sani da sayar da ita, a Sabon Gari, na wani dattijon Bayarabe haifaffen Kano. Kuma don Allah ya nuna ikonsa, rumfar kwanukan Alhaji Nata'ala tana kallon ƙofar shagon, 'yar hanya ce kawai a tsakani, in ka yi tari a nan za a yi maka sannu daga can. Ɗahiru ya ce ko da wuƙa a wuya ba zai shiga ba. Sai ya roƙi Malam Isyaku ya je ya sayo masa.

Malam Isyaku mutumin kirki ne, kuma bai yi wasa da aiken ba. Ya je ya zauna, ya gwada wannan ya gwada waccan, ya zaɓi wadda ta fi yi masa daɗi a hannu. Sai dai shi siriri ne, yatsunsa zara-zara irin na masu ɗinkin hula. Ya zo da wata ja mai sheƙi, wuyanta ɗan siriri, tsirkiyoyinta na waya a matse da juna. Ɗahiru ya shigo da ita rumfa a cikin buhu, ya cusa tsohuwar taya a sama don a ce kayan gyara ne.

Da azahar na jingina da bango ina jira. Abin da na ji bai yi kama da kiɗa ba. Ƙara ɗaya ta fito tas, ta biye ta toshe, wata kuma ta yi ta ziza kamar ƙuda a gwangwani. Ya tsaya, ya sake, haka dai. Daga baya ya bayyana mini abin da ke faruwa. In ya danna tsirkiya ɗaya, sai naman yatsan ya kwanta a kan ta kusa ya kashe mata murya. In kiɗan ya buƙaci ya tara yatsu wuri guda, ba sa shiga, sai sun hau kan juna. Ga wayar ta yi nisa da katako, sai ya danna da ƙarfi, ita kuma ta shiga cikin kantar ta yanka. Amma shi bai ga laifin jita ba ko kaɗan, hannunsa ya ga laifi. Har takardar yashin da yake goge roba kafin faci ya sa ya dirje gefen yatsunsa, wai ko za su rage kauri. A nan Turai ta gane abin da ake ciki, da ta ga ya kasa sa hannu a miya. Sai ta riƙa ajiye masa cokali a gefen kwano.

Haka ya ɗauki jitar ya tafi wurin gwaji, a wani aji, bayan an tashi 'yan makaranta. Malamai suka zauna suna jiran su ji wanda Saje ya zuzuta. Ya fara, ta toshe. Ya sake, ta yi zizar nan. Gumi ya jiƙa masa riga. Mai sarewa ya yi ƙoƙarin danne dariya, ta ƙwace masa ta cikin sarewar. Malam Isyaku, wai don ya taimaka, ya karɓi jitar ya ɗan taɓa, ta fito sarai, ya ce, “To ai lafiyarta ƙalau.” Ɗahiru ya ce mini, a lokacin nan, da ƙasa za ta tsage da ya shige ya ja ta ya rufa. Sai da Malam Isyaku zai mayar masa da ita, hannuwansu suka haɗu a kan wuyan jitar, sannan ya tsaya ya dubi nasa ya dubi na Ɗahiru.

Ya ce, “Af! Malam Ɗahiru, ka yafe ni. Da hannuna na auna maka. Ai ba a aiken mutum ya gwada wa wani takalmi. Mai shagon zai canza, amma sai ka je da kanka ka riƙe ka ji.”

Da ya kawo mini wannan labari ban raga masa ba. Na ce, “Ka ga irinta ko? Tun farko zuwa da kai ya fi aike. Alhajin cinye ka zai yi? Sata za ka yi a shagon?”

Ya ce, “Dije, ba za ki gane ba. Natsuwa ya ce.”

Na ce, “To zauna da natsuwarka, su yi bikinsu da sarewa.”

Sai da biki ya matso sosai sannan ya ɗaure buhun a bayan keke ya fita. Ya isa bakin layin, ya hango Alhaji a zaune tsakiyar kwanuka da carbi a hannu, sai ya zarce kamar mai zuwa wani wuri. Ya zaga ya dawo, ya sake zarcewa. Ya yi ta haka har ya gaji, ya raɓe a bayan wata motar kaya yana leƙe. Can sai ya ga Alhaji ya miƙe, ya tsallaka ya yi 'yar magana da mai shagon, ya dawo ya shigar da kwanukansa, ya ja ƙofa ya sa kwaɗo, ya bi ɗaya ɓangaren ya tafi. Ko la'asar ba ta yi ba, kasuwa na tsakiyar ci. Ɗahiru ya yi hamdala, ya ce yau Allah ya dube shi, ya faɗa shagon da sauri.

Mai shagon bai tambaye shi komai ba. Ya karɓi jar jitar ya rataye, ya dubi hannuwansa, ya ba shi benci, ya hau kujera ya sauko da wasu. Ta farko wuyanta ya ɗan fi na jar faɗi, amma da Ɗahiru ya tara yatsu sai suka sake cushewa, ya girgiza kai ya ajiye. Ta biyu ita ma ta waya ce, mai faɗi sosai, ga murya kamar za ta fasa shagon. Mai shagon ya ce in don fili ne wannan ita ce, za a ji ta har bayan taro. Yatsun hagu sun samu wuri, sai dai a kan siraran tsirkiyoyin ƙasa sai ya karkata hannu ya lallaɓa, kuma wayar na taɓa inda ya dirje. Ta ƙarshe ba ta da kyan gani, launin katako ce kawai, da ƙarzuwa a bayanta, tsirkiyoyin roba, wuya kamar allo. Ya danna ɗaya, ya taɓa ta kusa da ita, ta amsa tas. Ya tara yatsu wuri guda, kowane ya samu mazauni. Ta wajen ramin jitar ma, inda hannun dama ke aiki, yatsansa na shiga tsakanin tsirkiya da tsirkiya ya fito bai tuntuɓe ba. Muryarta dai ƙasa-ƙasa ce, ba za ta yi gogayya da ganga ba.

Ya riƙa ajiye wannan yana ɗaukar waccan, mai murya da mai daɗin riƙo, ya rasa wadda zai bari. Mai shagon ya ce, “Ɗana, murya ana ƙara ta da lasifika. Hannu ba a canza shi. Ɗauki wadda kake kaɗawa ba ka kallon yatsunka.” Ɗahiru ya sake ɗaukar mai tsirkiyar roba, ya rufe ido don ya gwada maganar. Ya kama kiɗan garayar nan nasa, ya bi shi, ya manta inda yake. Ƙofar shagon a buɗe take. 'Yan dako suka sauke kaya suka tsaya, mata masu cefane suka tsaya, wani mai sayar da agogo ya baro tebur ɗinsa. Mai shagon ya gaya wa Malam Isyaku daga baya cewa shekara da shekaru yana sayar da jita, bai taɓa jin an mayar da ita Bahaushiya ba sai ranar.

Da Ɗahiru ya buɗe ido ya ga mutane, ya sunkuyar da kai, amma bai gudu ba. Ya ce a hankali, “Baba, wannan ita ce.”

Mai shagon ya yi dariya ya ce, “Na sani. In kana so ka ƙara gwadawa, ba sauri. Alhaji ya ce in bar ka ka zaɓa a natse, ba zai dawo ba sai gobe. Tun ɗazu yake ganin kekenka na wucewa. Tun ranar da malamin nan ya zo ya ce wa wani mai gyaran keke a Gwale zai saya, Alhaji ya ce mini wannan siririyar ba za ta yi ba. Shi ya ce in sauko maka da masu faɗin wuya, wai hannun yaron nan babba ne.”

Bawan Allah da alheri ya faɗa, bai san abin da ya yi ba. Ɗahiru ya kwantar da jitar a kan benci a hankali, ya miƙe, ya ce, “Ina zuwa.” Ya bar ta, ya bar jar, ya bar buhun. Ko hawa keken bai iya ba, turo shi ya yi da ƙafa tun daga Sabon Gari har Gwale.

Ranar biki muna jiyo ganguna da sarewa daga filin makaranta, shi kuwa yana rumfa yana faci. Malam Isyaku ya ɗauko masa jitar da ya zaɓa har rumfa, ya ƙi ko kallonta, ya ce a kai wa 'yan makaranta su koya. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi da shi ba. Na sa mayafi na fita na tsaya a kansa.

Na ce, “Kai wane irin mutum ne? Dattijon nan ya rufe rumfarsa ana tsakiyar ciniki saboda kai!”

Ya ce, “Shi ya sa.”

Na ce, “Shi ya sa me?”

Bai ɗago ba, yana ta shafa gam a roba. Ya ce, “Da zagina ya yi, Dije, da na iya ɗauka. Mutum mai girma irin wannan ya tashi ya bar mini wuri don in yi kiɗa. Da wane ido zan tsuguna a gabansa da jita a ɗakina, ya sani, na san ya sani?”

Na buɗe baki zan ce masa wannan ba kunya ba ce, wauta ce, sai na ga hawaye na ɗiga a kan robar. Na juya na koma gida. Har yau in na tuna haushi nake ji, kuma har yau ban san amsar da zan ba shi ba.

Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka. Ya aurar da 'ya'ya, ya je Makka, da babura suka kori kekuna ya koyi gyaransu. Bai sake taɓa jita ba, kuma bai fasa sauka ya tuɓe takalmi in ya hango Alhaji ba. Tsakaninsu ba wanda ya taɓa ɗaga maganar. Ni ce dai na daɗe ina ajiye aiki bayan azahar, kafin na saba.

Da babbar sallar shekarar nan na raka Turai gidansu kai nama. Muka sami Alhaji a zaure a kan buzu, muka durƙusa muka gaishe shi. Ya tambayi yara, ya tambayi mutan gida, har mun yunƙura za mu shige sai ya yi gyaran murya. Ya juya fuska wajen bango yana jan carbi, ya ce, “Turai, abin nan na mai gidanki. Ya yi masa daidai da hannu kuwa?”

Turai ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce, “Ya yi, Baba.”

Fuskar dattijon ta washe, har yanzu yana kallon bango. Ya ce, “To madalla. Allah ya sa ya ji daɗinsa. Ki ce masa...” Sai ya tsaya, ya ɗaga hannu. “A'a, kada ki ce masa komai. Kada yaron ya ji kunya.”